Turken Burtali

Sandar farko ta sami Labo a ƙeya, ta biyu ta karya hannun da ya ɗaga yana rantsuwa. Makiyaya ne suka rutsa shi a bakin gonarsa, yamma da Dogarawa, Takama a gabansu da gatari a kafaɗa.

"Wallahi ban taɓa turken ga ba," in ji Labo, jini na cika masa baki.

Turken siminti ne da ya raba gonarsa da burtali, hanyar shanu. A farkon azumin 2003 aka dasa shi. Kamalu, ma'aikacin ofishin filaye, ya zo da taswira da na'urar awo mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan adam. Ya yi ta kai da kawowa cikin ƙishirwa, na'urar na ta canza magana, har ya gaji ya ɗan mare ta, ya dangwala ƙafa ya ce nan ne.

Aka haƙa rami har aka tarar da dutse. Mahaifin Takama, shugaban makiyaya a lokacin, ya sa ƙahon bijiminsa a ciki don shaida, aka kwarara siminti a kai. Takama yana can arewa tare da garke, labari kawai ya ji.

Ranar, rediyon kowa ya mutu da rana tsaka. Labo har batir ya canza, a banza. Daga baya aka ji a labarai wai guguwa ce ta tashi a jikin rana, ta hargitsa wata iska can ƙololuwar sama inda muryar rediyo ke bi. Mutane suka sha dariya, guguwa a rana kuma! Aka manta.

Mahaifin Takama ya rasu. Takama ya dawo ya tarar burtali ya tsuke, shanu na gugar juna suna faɗawa cikin gero. Labo kuwa ba mai haƙuri ba ne, ya sare wa wata saniya agara, ta kwana tana kuka aka yanka ta.

Aka sake kiran Kamalu. Wannan karon na'urar ta tsaya cak, ta nuna iyaka can cikin geron Labo, nesa da turken.

"An matsad da shi," Kamalu ya ce a gaban kowa. Bai faɗi suna ba. Ai ba sai ya faɗa ba, gonar mutum ɗaya ce ta ƙaru.

Shi ya sa yau Takama bai saurari rantsuwa ba.

"Ƙasa ka ke so? Ga ta nan, ci."

Ya sauke masa gatarin sau ɗaya. Labo ya shure, ya daina motsi.

Zuciyar Takama ba ta huce ba. Ya juya kan turken, ya ce yau sai ya mayar da shi inda ubansa ya sa shi. Suka haƙa, suka jijjiga, turke ya ƙi. Ya fashe gindin da ƙeyar gatari mai jini.

Simintin manne yake da dutsen ƙasa, ko tsaga babu. A tsakiyarsa ga ƙaho, da zanen garken gidansu.

Turken bai taɓa motsi ba, awon farko ne ya yi kuskure. Saƙon da na'urar Kamalu ta karɓa ranar dasawa, ta cikin iskar nan da ta kashe rediyo ya biyo.