'Yar Gatan Islamiyya

Da malamarmu ta sa hannu a kwanon maƙwabciyata suka ci tuwo tare, sai na kau da kai.

Tun ranar da maƙwabciyar ta miƙe a Islamiyyarmu ta Roni ta ce tana da ƙanjamau, ta zama 'yar gata. Wannan ta raka ta asibitin Kazaure, waccan ta leƙo: "Yaya, kin sha maganinki?"

"Sai ka ce ita kaɗai ce marar lafiya a garin nan," na ce, na ja tsaki.

Na shige ɗaki, na turo ƙofa, na zaro tawa ƙwayar daga ƙasan buhun gero, irin tata sak. Na haɗiye ba ruwa, kada a ji motsin moɗa.