Kujerar Bakin Taga

Sau uku manaja tana aiko masa da saƙo iri ɗaya: ya zauna ya rubuta yadda manhajar kamfanin take aiki, dalla-dalla, yadda wani zai iya riƙe ta ko ba ya nan. Wa'adi ƙarshen wata.

Sai-da-ni, kamar yadda ake kiransa a ofis, dariya kawai ya yi. Shekara tara yana kan kujerar nan ta bakin taga, ai shi ba yaro ba ne. Ya rubuta, a ce an gode, a nuna masa ƙofa? Allah ya kiyaye. Manhajar nan in ta sume, wurare huɗu ake taɓawa bi da bi ta farfaɗo, kuma a kansa kaɗai suke. Ya sha gaya wa matarsa, muddin ba su hau takarda ba, babu mai taɓa abincin gidansu.

Maƙwabciyar teburinsa kuwa, baiwar Allah, komai ta yi sai ta rubuta, har da hotuna da kibiyoyi. Ya ja ta gefe ya yi mata nasiha, ya ce korar kanta take shiryawa da hannunta. Ta yi godiya, ta ci gaba da rubutunta.

Saura kwana biyu, manaja ta taso da kanta ta tsaya a kansa.

"Don Allah, ko shafi biyar ne. Kai nake ji."

Ya ce aiki ya sha masa kai. Ta juya ta koma ofishinta.

Ranar Litinin sai ga maƙwabciyar tana zuba kayanta a kwali. Wani ya zauna a gurbinta, ya buɗe bayananta, kafin azahar ya kama aiki. Ita kuwa sai murmushi take, dauriya dai irin tata. Tausayi ya kama Sai-da-ni, amma can ƙasan ransa, wallahi, daɗi ya ji. Ya ɗaukar mata kwalin yana ba ta haƙuri, wai haka duniya take.

A cikin lif ya miƙa hannu zai danna ƙasa, ta riga shi ta danna sama.

"Ofishin shugaban sashe za ka kai mini, Yaya. Kai aka so a ba muƙamin, amma manaja ta ce in ka tashi daga kujerar nan, babu mai iya zama a kanta."