Shuɗin Katin Firmin

Shekara goma sha ɗaya akwatin katunan Firmin Delcourt na hannun Célestin Marchadier. Haka ake yi a Majalisa: wanda ba zai zo ba sai ya bar wa amininsa ya jefa masa ƙuri'a, farin kati na amincewa, shuɗi na ƙi.

Ranar Juma'ar nan afuwa ake nema wa masu haƙar kwal da suka yi bore. In ba ta wuce ba, jagoransu Émile Caudron, wanda jaridu ke kira Mai Jan Gashi, za a fille masa kai ranar Litinin.

Da safe Firmin ya kama jirgin ƙasa mai zuwa arewa. A tasha ya damƙe hannun Célestin har da zafi.

"Fari za ka jefa mini. Naka ma fari."

"Yaushe ka fara son 'yan kwal, tsoho? Ni da na yi lauya shekara biyu a garinsu ko sunan titi ban riƙe ba."

"An sa ni rantsuwa, sai Caudron ya fito zan faɗa maka. Ka dai jefa."

Célestin ba mugu ba ne, mutum ne da ya gaji da jira. Shekararsa hamsin da shida, kullum ana raba kujerun minista ana tsallake shi. Kafin a zauna, wani daga gwamnati ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa a wannan karon ba za a manta da masu shuɗi ba.

Da tulun ƙuri'a ya iso layinsu, ya daɗe yana shafa gemunsa, inda furfura ta kusa cinye jan gashin. Firmin zai yi fushin mako guda, ya ce a ransa, ya huce. Ya jefa shuɗi biyu.

Afuwa ta faɗi da ƙuri'a ɗaya. Ba wanda ya tafa.

Litinin ta zo ta wuce, Célestin bai buɗe jarida ba.

Talata Firmin ya shigo ofishinsa bai cire hula ba. Ya ajiye wani tsohon agogon aljihu a tebur, wanda Célestin ya taɓa bai wa wata yarinya mai wanki, Léonie, a garin 'yan kwal shekara talatin da suka wuce, sannan ya ɗauki akwatinsa.

"Léonie ce ta aiko maka," ya ce a hankali. "Ranar Juma'a na shiga kurkuku na ce wa ɗanta Émile ya kwantar da hankalinsa, ƙuri'ata na hannun ubansa."