Ƙwaya Bakwai a Hannun Hagu

Ku kasa kunne, jikoki, wannan ba tatsuniya ba ce.

Ina ƙarama a ƙauyenmu wajen Kiyawa, akwai Baffana, tsohon soja. Ya ɗauki bindigar Jamus a Kamaru, amma ba mai zama ya ji labarinsa. Wata la'asar ya kira ni gindin rumbu, ya jera dawa a ƙasa, tuli a dama, ƙwaya bakwai a hagu.

Ya ce, "Hafsanmu Bajamushe ya ce haka wani tsohon sarkinsu na Burusiya, can ƙasarsu, yake yaƙi. Ya tara ƙarfi gefe guda, 'yan kaɗan su tsaya can su riƙe maƙiya."

Na ce, "Baffa, su bakwai ɗin, wa zai zo musu?"

Ya ce, "Ba kowa, uwata. Nan aka tsayar da mu, ni kaɗai na dawo. Riƙe mini sunayen shidan."

Ya faɗe su ɗaya-ɗaya, yana taɓa kowace ƙwaya.

Kaji suka tsince dawar. Baffa bai kai lokacin kaka ba, ya rasu. Ni kuwa tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a nake nan Yalwawa, ina jero sunayen bayan kowace sallah. Huɗu suka rage mini, kuma ba wanda zan tambaya.