Tsagar Jirgin Sugawara

Tsagar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, amma yadda Sugawara ya jawo jirginsa a kan tirela har ƙofar shagon walda yana huci, sai ka ce tekun ce ta shigo masa ɗaki. Gobe da sassafe ƙungiyar masunta za ta buɗe kamun awabi, katantanwar tekun nan mai tsada. Awa uku ake ba kowa, a busa jiniya a rufe. Wanda jirginsa ke kan tudu ranar, sai dai ya tsaya a bakin ruwa ya kalli maƙwabta suna kwashe abincin shekara.

"Gen-san, ɗinkinka ne ya buɗe," Sugawara ya ce wa mai shagon. "Wanda ka yi mini bara waccan da bazara."

Onodera Genji ya sunkuya ya duba. Shekara talatin ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Alminiyam, wanda da shi aka ƙera jirgin, ƙarfe ne marar mutunci, ba ya yin ja ya gargaɗe ka, kana cikin lallaɓa shi sai ka ga rami. Amma ɗinkin shagon Onodera jeruwa yake yi kamar ɓawon kifi. Har rawar da hannunsa ke yi in ya ɗauki kofin shayi mutane sun yafe masa, wai da ya riƙe wutar walda take tsayawa. Ba wanda ya gani da idonsa dai, don in za a kunna wuta labule yake ja ya kori kowa, saboda hasken na ɓata ido.

Matarsa Kikue ta fito da shayi. 'Yar gajeruwa ce, wuyanta a ƙone kamar mai yini a teku alhali ko bakin ruwa ba ta cika zuwa ba, hannayenta duk tabon suyar kifi. Ta leƙa tsagar.

"Kikue-san, taki uku baya!" in ji Sugawara.

A cikin kowane jirgi akwai Funadama, uwar jirgi, aljanar da ke tsaron sa, kuma an ce ba ta son hannun mace. Matasa sun daɗe da watsar da zancen, ban da Sugawara, wanda ko abincin rana matarsa daga kan gadar da ake ɗaure jirage take miƙa masa a bakin sanda.

"Shekara ashirin mace ba ta taɓa jirgin nan ba," ya ce. "Shi ya sa ban taɓa kifewa ba."

"Gaskiya ne," ta ce, ta ja baya. "Bara waccan ka ce? Ban ma san an kawo shi ba. Ina birnin Sendai ke nan, wajen jegon 'yarmu Mika."

Genji ya ƙara dulmiya kai cikin jirgin.

Sai Sugawara ya jawo akwatin kifi ya zauna. "Yau a gabana za ka yi. In makancewa ce, na yarda."

Genji ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Ya gurje tsohon ɗinkin tas. Ya goge da buroshin waya, ya wanke, ya sake gogewa. Ya duba tukunyar gas. Ya nemi sandar walda, ya samu, ya ce ba ita ba ce. Sanyin Nuwamba ake yi, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf. Rana ta karkata, wurin ya yi ta ƙyalli kamar tukunyar amarya, wuta kuwa ko kusa.

"Tsoho, wanka kake mata ko walda?" Sugawara ya daka tsawa. "In duhu ya yi ban sa shi a ruwa ba, shekarata ta tafi!"

"Ai alminiyam ba ya son datti," in ji Genji, muryarsa kamar ta mai zazzaɓi.

Daga bakin ƙofa Kikue ta yi gyaran murya. "Ni dai ba ruwana da sha'anin maza. Amma Sugawara-san, wuta za a cinna wa uwar jirgi a ciki, ba gishiri, ba giyar shinkafa, ba ban haƙuri? Ko ka riga ka hau tudu ka sanar a ɗakin bauta?"

Fuskar Sugawara ta yi fari. Matakala ɗari biyu ne zuwa ɗakin bauta, gwiwarsa ɗaya kuma ba ta da kirki, amma haka ya kwashi gishiri da kwalba ya yi sama yana ɗingishi.

Bayan awa guda ya dawo ya tarar an yaye labule. Ɗinkin na nan jere reras, da ɗuminsa. Aka cika cikin jirgin da ruwa, ko ɗigo bai fito ba. Daɗi ya kama Sugawara har ya kusa hawaye.

"Ka ji hannun namiji!" ya ce, yana dukan kafaɗar Genji. Kikue ta rusuna masa daga taki uku.

Sai da tirelar ta sha kwana ta zaro safar hannu ta fata daga ƙarƙashin rigar girkinta, ta rataye ta kusa da hular walda, ta share zufar goshinta.

"Baban Mika," ta ce, "ni na haɗa jirgin nan tun daga gindi har baki, ɗinki ɗaya tak ne na namiji a jikinsa, ka kuwa ga abin da ya jawo mana."