Kofuna Arba'in

Ƙarfe shida da rabi na safe Mayi Eluby ta jera kofuna arba'in a kan dogon teburin ɗakin ɗanɗano, kamar yadda ta saba shekara ashirin da biyu a wata masana'antar ganyen shayi a garin Thyolo. Yau ce ranarta ta ƙarshe. Takardar sallama na ninke a aljihunta, jikoki biyu na jiran ta a gida, amma ko fushin ma ta kasa yi. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Aikin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ta auna ganye, ta zuba tafasasshen ruwa, ta rufe, ta jira minti shida, ta tsiyaye, ta kife jiƙaƙƙen ganyen a kan murfi. Daga nan sai ta koma wurin wanke-wanke, Bambo Chikaonda ya shigo da cokalinsa na azurfa. Shi ne mai ɗanɗano. Ya kurɓa, ya tofar, ya faɗi darajar kowane ganye, kuma maganarsa ita ce ƙarshe. Takardun yabo tara ne rataye a bango da sunansa. Ita ke goge musu ƙura.

Abu ɗaya take mora a aikin. In ta kife ganye, sai ta shinshina, ta ɗan lasa. Wanda ya yi mata, ta juya hannun kofinsa wajen taga, ragowarsa ta gorarta ce, ta tafi gida da ita. Mai dama-dama ya kalli ƙofa, rabon maigadi ke nan. Na banza ya kalli bango, sai zubarwa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kada a kira abin sata.

Shi kuwa Bambo, ita dai haƙuri take da shi. Tun ciwon da ya kwantar da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya zama wani iri. Tuwon masara ko ya ƙone zai cinye bai ce uffan ba, ya zabga barkono a kifi har na kusa da shi su kama tari. Sau uku ta nemi a mayar da ita sashen ɗaure kaya, inda ake aiki a zaune, sau uku ya yaga takardar. Da mahaifiyarta ta rasu ta tafi kwana huɗu, ta dawo ta tarar ba a ɗanɗana komai ba, wai mura ta kama shi. Babban mutum, ko kofi ba zai iya jera wa kansa ba.

Sai ga sabon manaja, Mista Likoswe, da injin da ke auna ganye ya zuba ruwa da kansa. "Kin yi ƙoƙari, Mayi," in ji shi, "amma wannan aikin ko wa aka tsinto a titi zai yi shi." Bambo ya shiga ofis ya yi ta faɗa. Aka ce ya kawo dalili ɗaya tak da zai sa a bar ta. Ya fito bai kawo ba. Wannan ya fi sallamar yi mata ciwo, kuma abin takaicin, ita ma da ta duba ba ta samo dalilin ba.

Yau akwai baƙi, manyan masu sayen shayi daga birnin Blantyre. Manaja ya leƙo, ya yamutsa fuska.

"Mene ne haka, wani hannu gabas wani yamma kamar kasuwa? A jera su sak."

Ta jera su sak. Dama ko gorar ba ta zo da ita ba.

Bambo ya shigo, ya dubi teburin daga wannan kai zuwa wancan, ya tsaya cak. Ya kurɓi na farko, ya tofar, shiru. Na biyu, shiru. Har ya kai na arba'in bai ce komai ba, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Bambo, baƙi fa na jira," in ji manaja.

Eluby na kwance rigar aikinta ta ji an kira sunanta. Ta fito tana jan ƙafa, ta san laifin a kanta zai ƙare.

"Minti shida na ba su, Bambo. In ruwan ne, ga inji nan a tambaye shi."

Ya miƙa mata cokalin azurfa. "Mayi, wanne ne na gorarki yau?"

Kunya ta lulluɓe ta. Ashe ya sani.

"Ai na daina, Bambo."

"Ba faɗa nake ba. Don Allah nuna mini."

Ta bi layin a gajiye, tana shinshinawa tana kurɓa. Ta juya hannun na bakwai, na sha tara, da na talatin da biyu. Babban baƙon ya ɗanɗana ukun, ya lumshe ido, ya ce su yake so.

"Wai me ake yi ne a nan?" manaja ya ce. "Mai wanke-wanke ce fa!"

Bambo ya sami kujera ya zauna, tsufansa ya fito fili.

"Dalilin da ka nema ne, Manaja, na rasa bakin faɗa. Tun ciwon nan harshena bai ƙara bambanta shayi da ruwan zafi ba. Hannun kofi nake dubawa."

Eluby ta ɗaga kai ta kalli takardun yabon nan tara, cokalin na hannunta. Ta san kwanan watan kowacce, ita ke goge su, kuma babu ko ɗaya da ta kai shekara goma sha ɗaya.