Jirgin da Ya Koyi Sallama

Kamfanin da Lantana ta buɗe a Haɗejiya, na jiragen kai saƙo marasa matuƙi, ya kusa rushewa tun bai yi ƙwari ba. Jiragen dirowa suke yi tsakar gida babu sallama, mata na wanki ko kitso ba mayafi. Magidanta suka ce ba za su lamunta ba.

Yau Mai unguwa Ɗanjuma ya ba ta dama ta ƙarshe. Maganin ciwon suga za a kai wa Inna Kulu, tsohuwar da ta fara jifan jirgin da muciya. Lantana da Mai unguwa suka tsaya a ƙofar gidan Inna suna kallo.

Jirgin ya tsaya saman zaure, ya juya idonsa wajen titi, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Shiru. In ba a amsa ba, juyawa zai yi, kamfanin kuma ya rufe.

Ya sake sallama.

"Wa alaikumus salam!" in ji Inna daga ciki. "Bari in yafa mayafi. To, shigo, ɗan albarka."

Mai unguwa ya yi dariya. "Ya yi hankali, 'yata. Gobe ki saki sauran."

Lantana ta yi murmushi. "Na gode, Baba."

Sai suka jiyo jirgin a tsakar gida yana gaisuwa. "Inna, ya ƙafar da ta gurɗe miki jiya a bakin rijiya?"

"Da sauƙi, wallahi!" in ji Inna, tana ta sa masa albarka.

Lantana ta ci gaba da murmushi. Ita dai sallama kawai ta koya masa.